Murhu a Hanyar Tifa

Bana bazara ta zo da wuri. Sanyi bai gama tafiya ba rana ta fara duka. Rijiyar masallaci ta ƙafe. Famfon da aka haƙa mana ya mutu tun bara, awaki ne ke kwanciya a gindinsa. Ya rage saura rafi.

Rafinmu ba ya nuna ruwa sai da damina. Da rani yashi ne fari fat, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Ruwan yana ƙasa. Ka tona da sakaina kamu ɗaya ko biyu, ka zauna, ya tsattsafo maka mai sanyi. Haka muka tashi muka tarar, mu da ƙauyukan da ke bakinsa a nan ƙasar Daura.

Wata safiya Bilki, matar Mudi ɗan wana, ta fita da jarka tun da sanyin safe. Ba ta dawo ba sai da rana ta take. Jarkar rabi, ruwan ja kamar an dama ƙasa.

"Gwaggo, har ƙugu muka tona," in ji ta.

Na dubi jan ruwan. Sau ɗaya na taɓa ganin an tona rafin nan har ƙugu, kuma na san abin da ya biyo baya.

Ina goyon fari a lokacin. Aka yi binne, aka zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran sama. Ruwa ya sauka sau ɗaya. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya. Hadari ya riƙa haɗowa baƙi ƙirin, mu fito da ƙorai mu jera, iska ta zo ta watsa shi. Aka yi roƙon ruwa har muryoyi suka dushe. Shekarar da ta gabace ta ma ba a samu na kirki ba. Rumbu ba komai, ɓera ma ya yi ƙaura.

Maza suka watse cin rani. Mijina ya nufi kudu, bai aiko ba. Shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, ungulu ta ƙoshi har ba ta iya tashi. Gari ya yi shiru. Garin da ba a jin daka da safe ya mutu, ko da mutane a ciki. An ce gwamnati ta kawo hatsi. Mun ji labarinsa.

Muka ci dusa, ta ƙare. Muka ci tafasa da rama. Muka kakkaɓo ƙarangiya muka daka, ƙaya na shiga ƙarƙashin farce. Muka tona gidajen tururuwa muka ƙwace abin da ta tara. Daga ƙarshe sai anza. Wanda bai san anza ba, Allah kada ya sanar da shi. 'Ya'yan wani ɗan itace ne na fako, ɗaci kamar maɗaci. Sai an jiƙa, a zubar, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, kafin ta ciwu. Wanda ya yi gaggawa ciki ya murɗe masa. Anza ruwa take sha kafin mutum ya ci ta.

To ga ruwa a rafi, ga mu a gari, ga ciki wayam. Mace ta ɗauko tulu ta faɗi a hanya, tulu ya fashe, ta zauna tana kallon ƙasa na shanyewa. Sai tsofaffi suka ce tunda ruwa ba zai zo ba, mu mu je. Muka kwashe turmi da tukwane muka koma rafi. Muka kafa bukkokin kara a gaɓa, ƙarƙashin gawo, shi da yake yin ganye da rani. Ba wanda ya yi zancen kulle. Yunwa ba ta san shi ba.

Da asuba a yashe ramuka, don kullum sai sun rufta. Da hantsi a canja wa anza ruwa. Tsakar rana kowa ya lafe, yashi na ƙuna kamar tanda, ko kare ba ya takawa. Harshe ya yi kauri a baki, yaro ya yi kuka ba hawaye. La'asar a shiga daji. Magariba a ɗora tukunya ɗaya, kowa ya zuba abin da ya samo, a raba da mara. Wadda ba ta samo komai ba ita ma a ba ta. Gobe ita za ta samo.

Ramin da ya fi ruwa shi ya kawo faɗa. Mata suka fara cakumar juna. Dagaci yana gari, ba ya saukowa. Sai wata tsohuwa, Iya Gambo, ta ce a samu mai riƙe ludayi, shi zai zuba wa kowa. Wa za a ba? Ta ce kowa ya ɗauki tulunsa ya ajiye gaban wanda ya yarda da shi. Tuluna suka taru gaban wani Ɗanladi, mutum mai daɗin baki. Ya yi kirki na ɗan lokaci. Daga baya muka lura tulun gidansa na cika har wuya, namu iya ciki. Kuma yana shayar da raƙuman fatake su ba shi dabino. Ba a zage shi ba, ba a doke shi ba. Da safe kowa ya ɗauke tulunsa ya kai gaban Iya Gambo. Ya zauna daga shi sai ludayi. Da kansa ya miƙa.

Goyona bai ga damina ba. Yana nan gaɓar rafin, gabas da gawon. Mu da muka rage, yashin nan ne ya riƙe mu. Sama ta hana, rijiyoyi suka hana, yashi ya bayar. Da abinci ya samu muka koma gari, kowa ya ja ƙofarsa, aka manta.

Na ajiye labarin ban ba kowa ba. Yaran yanzu waya suke saurara.

Gidanmu na gado babba ne. Da wana Audu ya rasu 'ya'yansa suka watse. Ni da na dawo gida bayan mutuwar mijina na zauna da ɗakuna da jemagu. Shekarun nan duniya ta koro su. Mudi yana dakon kaya a Kongolam, can bakin iyaka, ciniki ya mutu. Sale ƙanensa yana acaɓa a Ikko, aka ƙwace babur. 'Ya'yan ƙannena ma haka. Suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa da mata da katifa. Da fari kowace mace da murhunta. Hayaƙi a kowane lungu, tuwo babu. Na ce a kashe duka a bar ɗaya. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, irin gandun da. Suka yi gunaguni. Yunwa ta goya mini baya.

Cin tuwo tare shi ke kawo magana. Maza a zaure, mata a tsakar gida, amma katangar ta zube, zana ce tsakani, kowa na jin kowa. Ana zancen komai ban da siyasa. In rediyo ya fara, Sale ya murɗe shi.

"Duk kanwar ja ce," in ji shi.

Katin zaɓensa da shi yake kankare laka a shebur. Mudi bai ma san inda nasa yake ba.

Shebur ɗin kuwa na lodin yashi ne. Tifofin wani ɗan kwangila sun daɗe suna sauka rafinmu, suna kai yashi birni ana gini. Samarin gari ke loda musu. Da abin lodin ake sayen gishiri da manja a gidanmu.

Ranar da Bilki ta dawo da jan ruwa, da la'asar na ce Mudi da Sale su biyo ni. Na daɗe ban sauka rafi ba saboda gwiwa. Na tarar da ramuka kamar kududdufi, mutum ya shiga ba a ganin kansa. An kwashe yashi har an taɓo jar laka.

"Kun fasa randa kuna tambayar ina ruwa," na ce.

"Gwaggo, in ba mu loda ba wasu za su loda," in ji Sale.

"To su loda. Kai dai ka shirya shan laka."

Mudi shi ne mai sanyi. Ya ce a je wa dagaci. Suka sayi goro, suka je suka faɗi suka yi gaisuwa. Dagaci ya karɓi goro. Ya ce shi ma a bakin direba ya ji, izini daga sama ya fito, su nemi kansilansu.

Da magariba ana cin tuwo Mudi ya ce, "Wai wa ye kansilanmu?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Ba dogon nan mai kemis ba?" in ji wani.

"Wannan ai ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To wa ya gaje shi?"

Daga bayan zana Bilki ta ce, "Ba gado ba ne. Alhaji Tanimu ne, mai shagon siminti." Bilki ta yi sakandare, kuma ba ta iya riƙe magana a ciki ba.

"Tanimu? Wa ya zaɓe shi?" in ji Sale.

"Kai mana, ƙanin miji. Ranar kana teburin mai shayi kana musun ƙwallo."

Mata suka fashe da dariya. Sale ya ce gobe a mayar da ita gidansu. Amma tuwon bai yi wa kowa daɗi ba.

Suka yi ta sintiri gidan Tanimu. Yau ya tafi Katsina, gobe yana barci, jibi yana taro. Tifa kuwa ba ta barci. Samarinmu suka ajiye shebur, aka kawo wasu daga nesa.

Sai Bilki ta zo ta zauna kusa da ni ina tsintar wake.

"Gwaggo, ran nan da na ce har ƙugu, fuskarki ta canja. Me kika sani?"

Na ba ta labarin, ban rage komai ba. Na ce da ita, "Mu da sama muke rigima, kuma ba a kai ƙarar sama. Ku mai hana ku ruwa yana da suna, yana da ƙofar gida."

Ta tashi ta shiga zaure, inda ba ta taɓa shiga maza na zaune ba, ta maimaita musu. Washegari muka kwashe turmi da tukwane muka sauka rafi.

Hanyar da tifa ke bi ta sauka rafin wani gangare ne kusa da gawo. Nan na sa aka kafa duwatsun murhu. Aka hura wuta, aka ɗora babbar tukunyar da muke girkin suna. Tifa ta farko ta iso da hantsi. Direba ya danna hon har kunne ya yi zafi. Ya leƙo.

"Hajiya, a kawar da tukunya!"

"Ban je Makka ba. Kuma tuwon bai nuna ba."

"Lodi zan yi!"

"Ni ma tuwo nake yi. In kana sauri, taka."

Ya dube ni, ya dubi tukunya, ya dubi mata da goyo zaune kan tabarmi. Ɗan Musulmi ne, uwa ce ta haife shi. Ba zai taka abinci a kan wuta ba. Ya yi ribas yana zagi ƙasa-ƙasa.

Masu tifa suka nemi wani gangaren a can yamma. Kafin su gama share shi matar Sale ta kafa murhu na biyu tana soya gyaɗa.

Liman ya aiko cewa matan aure a fili bai dace ba. Na ce a tambaye shi ruwan alwalarsa daga ina yake zuwa. Ba a jima ba ya sauko da buzunsa ya ja mana la'asar.

Gidaje suka biyo mu. Bukkoki suka jeru a gaɓa, wasu na kara, wasu na buhu da leda. Samari da matansu, masu lambu, har Fulanin da ke shayar da shanu a ƙasan rafin. Aka raba aiki. Waɗansu tonon ruwa, waɗansu itace, waɗansu gadin gangare, girki bi da bi. Wani ya kawo faifan sola ya jingina da gawo, wayoyi suka kewaye shi kamar 'yan tsaki. Mu a namu zamanin ba wanda ya san muna rafi. Su kafin azahar an ga hoton tukunyata a Kano.

Amma waya ba ta cika ciki. Ba lodi, ba manja. Miyar kuka ta koma ruwa da gishiri, tuwo sau ɗaya a wuni. Yashi na gasa ƙafa ta cikin silifas. Iska in ta taso kamar daga bakin maƙera. Ruwan da ake samu sai an bar shi ya kwanta, a tace da ɗankwali, a sha ana jin ƙasa a haƙori. Kunama ta harbi wata mai ciki. Gida biyu suka naɗe tabarmi suka koma gari. Ban ga laifinsu ba, ban kuma raka su ba.

Da wahala ta yi yawa rai ya ɓaci. Sale ya ce a tare tifa a cinna mata wuta a huta. Samari da yawa suka ce haka ne. Bilki ta ce in an ƙona tifa an ba masu ita hujjar da suke nema. Ta ce kansiloli na zama a sakateriya, a je can a zauna musu. Aka yi ta hayaniya har ana nuna juna da yatsa. Mudi ya juyo gare ni.

"Gwaggo, ki raba."

"Ban da ni. Ba ku da jarkoki?"

Sale ya tsaya nan, Bilki can. Kowa ya ɗauki jarkarsa. Gaban Sale an samu, ba laifi. Gaban Bilki babu wurin sa ƙafa. Mudi ya zo ƙarshe, ya yi jim, ya ajiye gaban matarsa.

"Mijin-ta-ce!" in ji Sale.

"Na ji. Gara 'ta ce' da 'alƙali ya ce'."

Sale ya yi fushi wuni guda, sannan shi ya nemo a-kori-kurar da ta kai su sakateriya. Ban je ba, ina gadin murhu. Suka dawo da yamma leɓe a bushe. An bar su a rana, an ce ba zama yau, suka ce za su jira. Aka ce su turo mutum biyu, suka ce bencin ai na gwamnati ne, ya ishi kowa. Ba su samo komai ba ran nan. Amma sun ga fuskoki, sun san sunaye, sun san ranar da ake zama.

Daga nan hira a gindin gawo ta canja. Wa ke ba da izini? Wa ya kawo shi? Yaushe wa'adinsa zai ƙare? Sale ya wanke katinsa da sabulu. Mudi ya zazzage akwati ya samo nasa cikin tsohuwar hula. Waɗanda ba su da shi suka tambayi inda ake yi. Na ji samari na musu kan wanda za su tsayar daga cikinsu, da zafin da suke musun ƙwallo. Har mata na sa baki, suna ɓare gyaɗa suna cewa wane barci gare shi, wane kuma ko akuyarsa ba ta jin maganarsa.

Sai aka zo da mota aka tafi da Sale, wai ya yi barazana. Matarsa ta zauna tana kuka. Na ce ta share hawaye, yau girkinta ne. Samari suka bi shi, wasu a babur wasu a ƙafa, suka zauna ƙofar inda aka ajiye shi. Ba jifa, ba zagi. Aka gaji da ganinsu aka sako shi. Ya dawo ya rame. Bakinsa bai rame ba.

Jiya sai ga Tanimu da kansa. Farar shadda, takalmi sau-ciki, yashi na shiga yana kakkaɓewa. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ce shi namu ne. Ya ce ya yi magana da manya, za a gyara famfo, har a ƙara wani, in mun kawar da murhu.

Wasu suka fara kallon juna. Famfo ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya wuni yana tonon laka.

Bilki ta gyara mayafi. "Ranka ya daɗe, mun gode. Famfo haƙƙinmu ne, a gyara. Yashi kuma ba na sayarwa ba ne. Ba musaya muka zo yi ba."

Tanimu bai dube ta ba. "Mudi, matarka ce ke magana da yawunku?"

"Mu muka ba ta," in ji Mudi. "Kai ma an ce mu muka ba ka. Wannan karon za mu fito mu gani da idonmu."

Tanimu ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya juyo gare ni.

"Gwaggo, ke ce babba. Ki yi wa yaran nan faɗa. Mai kwangilar nan ba ƙaramin mutum ba ne, ni ma ya fi ƙarfina. Kuma dubi." Ya nuna sama. Shamuwa ce ke shawagi, ta farko a bana. "Damina ta ƙarato. Ko ban ce komai ba, ruwa zai zo ya tashe ku daga nan."

Na tura itace cikin wuta.

"Tanimu, in ruwa ya tashe mu, ai shi muka zo nema. Za mu tashi muna guɗa. Ya janye, mu dawo. Kai da tifa ne ba za ku tashe mu ba."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana. Na ce da matar Sale ta miƙo muciya.